BAYANI: Yadda ake aiki da yatsun ɗaukar kaya a tarakta da motar lodi ba tare da haɗari ba

Yatsun ɗaukar kaya wasu dogayen ƙarafa ne guda biyu da ake ɗaurawa a gaban tarakta ko ƙaramar motar lodi, domin a zura su ƙarƙashin falet, wato katakon da ake jera buhuna ko kwalaye a kansa, a ɗaga shi gaba ɗaya. A sito da gonaki da wuraren gine-gine, suna yin aikin da 'yan dako da yawa za su wuni suna yi. Sai dai daga lokacin da aka ɗaura su, daidaiton motar ya sauya, kuma a nan haɗarin yake.

Motocin da ake ɗaura musu yatsun

Ƙaramar motar lodi da ake kira sikid-sitiya ta samo asali ne a Amurka, inda 'yan'uwa biyu, Cyril da Louis Keller, suka ƙera ta farko mai taya uku a jihar Minnesota a 1957. Kamfanin Melroe ya fitar da mai taya huɗu a 1960, sannan aka sa mata suna Bobcat a 1962. Ba ta karkata tayoyinta idan za ta sha kwana. Tayoyin gefe ɗaya ne ke gudu fiye da na ɗayan, shi ya sa take iya juyawa a inda take tsaye.

Ita kuwa tarakta, don jan garma aka gina ta. Hannuwan lodi ƙari ne a jikinta, kuma duk abin da suka ɗauka a kan tayoyin gaba yake sauka, waɗanda su ne ƙanana.

Lissafin nauyi

Tayoyin gaba kamar tsakiyar sikeli suke: kaya a gefe ɗaya, nauyin motar a ɗaya gefen. Gwargwadon nisan kaya daga tayoyin, gwargwadon ƙarfinsa na ɗaga bayan motar. Yawancin yatsu ana auna ƙarfinsu ne bisa cewa tsakiyar nauyin kayan tana inci 24, kusan santimita 60, daga gindin yatsun. Kayan da aka ɗauka a bakin yatsu ya wuce wannan iyaka, ko da bai kai nauyin da aka rubuta ba.

Ƙa'idar masu ƙera sikid-sitiya ita ce, mai taya ba ta ɗaukar fiye da rabin nauyin da zai kifar da ita, mai sarƙa kuma kashi 35 cikin 100. Idan kilo 1,800 ne zai ɗaga bayan mota mai taya, to iyakarta kilo 900. Wannan adadi galibi da bokiti ake auna shi, yatsu kuwa suna ƙara tura kaya gaba. Falet mai buhu 20 na takin zamani ko siminti, kowanne kilo 50, tan ɗaya ne cur, ya zarce ƙarfin irin wannan mota. Haka ma tankin ruwa mai lita 1,000 idan ya cika.

Yatsu na da nasu ƙarfi, hannuwan lodi na da nasu, motar na da nata. Mafi ƙanƙanta a cikin ukun shi ne iyaka.

Kafin a tayar da injin

Ana duba yatsun ko akwai tsaga ko lanƙwasa, musamman a dunduniya, inda ƙarfen ya karya kwana. Idan kaurinsa ya ci da kashi 10 cikin 100, ƙarfinsa ya ragu da kusan kashi 20, kuma lokacin sauya shi ya yi. Ba a kai yatsa mai tsaga wurin mai walda, ba a gasa shi a miƙe, ba a huda shi, domin duk wannan yana lalata ƙarfen.

Sai a tabbata sakatun da ke riƙe yatsun a jikin mota sun shiga har ƙarshe, tayoyi kuma suna da isasshiyar iska. Tarakta tana buƙatar nauyi a bayanta, ko tubalin ƙarfe ko wani babban kayan aiki da aka rataya, don kada tayoyin baya su rasa riƙon ƙasa, domin a yawancin taraktoci a can birki yake. Ba a laluben yoyon man haidirolik da hannu. Matsinsa yana iya huda fata, kuma wanda hakan ta same shi asibiti ya kamata a kai shi nan take, ko da ciwon ya yi kama da sukar allura.

Lokacin ɗauka da tafiya

Ana buɗa yatsun iyakar faɗin da falet zai karɓa, a zura su har gindi, a ɗan kishingiɗar da su baya, sannan a ɗaga. A yi tafiya a hankali, kaya na kusa da ƙasa, tsayin da zai tsallake dutse da kunya kawai. Kayan da ke sama yana sa mota ta faɗi a gefe da zarar ta sha kwana ko taya ɗaya ya faɗa rami. Buhuna ko bututun da ba a ɗaure ba suna iya gangarowa ta kan hannuwan lodi su faɗa wa direba, don haka ake buƙatar shingen ƙarfe a bayan yatsun.

A gangare, ɓangaren da ya fi nauyi ne ke fuskantar tudu. Sikid-sitiya mai kaya tana hawa da gaba, ta sauko da baya. Idan ba kaya, bayanta ne mai nauyi, sai ta hau da baya. Ba a ratsa gangare a kaikaice, ba a juyawa a kansa. Kafin a ɗaga hannuwa sama, a duba wayoyin lantarki. Idan tirela ake yi wa lodi, a ja mata birki, a sa wa tayoyinta waigi.

Mutanen da ke kewaye

Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta fitar da gargaɗi kan sikid-sitiya a 1998, inda ta nuna cewa da yawa daga waɗanda suka mutu sun maƙale ne tsakanin hannuwan lodi ko bokiti da jikin motar. Saboda haka direba ba ya sauka sai ya ajiye yatsu a ƙasa, ya ja birki, ya kashe injin. Idan gyara ya tilasta a bar hannuwan a sama, sai an tokare su da ƙarfen da aka yi domin haka. Ba a cire na'urar da ke hana motar motsi idan babu kowa a kujera.

Ba a ɗaga mutum a kan yatsu ko falet, ko don gyaran rufi ne na minti biyu. Ba a barin yaron mota ya maƙale a baya don ƙara nauyi, kuma babu mai tsayawa ƙarƙashin kayan da aka ɗaga. Tarakta mai ƙarfen kariya a saman kujera tana ceton direba ne idan ya ɗaura bel, domin shi ke riƙe shi a cikin kariyar idan ta kife.

Alhakin duk wannan bai tsaya kan direba kaɗai ba. Mai gona ko ɗan kwangilar da ya ɗauki hayar mota shi ke da hurumin neman littafin jagorarta, ya san nauyin kayansa, ya kuma yarda a rage buhu biyar a yi sawu biyu, maimakon a matsa wa direba ya kwashe duka a sawu ɗaya.