Yadda ake auna aikin malamin nazare wajen koya wa yara zamantakewa da sarrafa zuciya

A shekarar 2005 wani masanin Jami'ar Yale da ke Amurka, Walter Gilliam, ya fitar da binciken da ya tayar da hankalin hukumomin ilimi na ƙasar. Ya gano cewa yawan korar yara daga azuzuwan share fagen firamare ya ninka na ɗaliban firamare da sakandare fiye da sau uku. Yara ne 'yan shekara uku zuwa huɗu, kuma abin da ke jawo korar bai wuce duka, cizo ko ƙin jin magana ba. Wannan ya ƙara ƙarfin tambayar da masana suka jima suna yi: kafin a ce yaro ya gagara, me malaminsa ya koya masa game da fushi, haƙuri da zama da 'yan'uwansa? Ma'aunai biyu ne suka fi shahara wajen neman amsar, kuma dukkansu malami suke dubawa, ba yaro ba.

Na farko shi ne TPOT, wanda Mary Louise Hemmeter da Lise Fox da Patricia Snyder suka tsara, aka wallafa shi a 2014. An gina shi a kan Tsarin Dala na 2003, wanda ya jera buƙatun yara hawa-hawa. A gindi akwai kyakkyawar alaƙa tsakanin malami da yaro da kuma aji mai tsari, wanda kowa ke buƙata. A tsakiya akwai koyar da dabarun zamantakewa kai-tsaye. A ƙololuwa kuma akwai kulawa ta musamman ga 'yan tsirarun da matsalarsu ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Mai aunawa yakan zauna a aji kimanin sa'o'i biyu, sannan ya tattauna da malamin. Yana duba muhimman ɗabi'un koyarwa 14. Shin yara sun san abin da zai biyo bayan abin da suke yi yanzu? Idan za a tashi daga wasa zuwa cin abinci, a natse ake yi ko ajin hargitsewa yake yi? Shin malamin yana koya wa yaro ya ambaci abin da ke ransa, ya ce "na ji haushi" maimakon ya kai hannu? Idan yara biyu suna jan abin wasa ɗaya, ƙwacewa yake yi, ko taimaka masu yake yi su samo mafita da kansu? Akwai kuma jerin alamun gargaɗi 17, kamar yi wa yara barazana, ko tsawata wa yaro don ya nuna damuwarsa, ko malamin da kusan duk maganarsa umarni ce. Wannan jerin ya fi sauran ɗaci, domin yawancin abin da ke cikinsa abubuwa ne da babba ke yi ba tare da ya ɗauke su laifi ba.

Na biyu shi ne CLASS, wanda Robert Pianta na Jami'ar Virginia da abokan aikinsa suka samar. Shi ana kallon aji ne na minti 20, a ba da maki daga 1 zuwa 7, a sake maimaitawa, a fannoni uku: kulawa da zuciyar yaro, tafiyar da aji, da ingancin koyarwa.

Inda gardama take shi ne abin da ake yi da makin. Daga 2011 gwamnatin Amurka ta sanya CLASS cikin sharuɗɗan sabunta tallafin cibiyoyin Head Start, shirin da ke kula da 'ya'yan marasa ƙarfi tun 1965. Cibiyoyin da suka faɗa kashi 10 cikin 100 na ƙasa sai sun sake shiga takarar neman kuɗin, ko da makinsu ba mummuna ba ne. An yi ta sukar wannan sharaɗi har aka soke shi a 2020, aka bar mafi ƙarancin makin da ake buƙata.

Masu TPOT sun fi karkata ga amfani da sakamakon wajen horarwa. A wani gwaji da Hemmeter da abokanta suka wallafa a 2016, an raba malamai 40 gida biyu, aka ba rukuni ɗaya horo tare da mai jagora da ke ziyartar ajinsu yana nuna masu inda za su gyara. Waɗannan malamai sun fi aiki da dabarun, kuma an samu ci gaba a zamantakewar yaransu. Sai dai malaman ne da kansu suka bayar da wani ɓangare na rahoton halayen yaran, don haka a karanta shi da lura.

Akwai wata iyakar kuma. Ziyarar sa'o'i biyu ba ta nuna shekara guda, kuma malamin da ya san ana kallonsa yakan gyara zama. Sannan an tsara ma'aunan ne don azuzuwan Amurka, inda yara ba su cika wuce 20 ba kuma manya biyu ke kula da su. Bankin Duniya ya fitar da nasa ma'aunin, Teach ECE, kyauta, domin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma dabarun zamantakewa na daga cikin manyan fannonin da yake dubawa.