Cin Amarci a Zanzibar: Wa Ya Shuka Kanumfarin Nan?

 Ga shirin wannan makon a rubuce, saboda waɗanda data ba ta barinsu su saurara.

Tun da muka dawo daga Zanzibar ni da amarya ake ta jefo min tambayoyi: ya abincin, ana samun hayar mota, tuƙin da wuya? Zan taɓa su duka, amma kun san halina, sai na ja ku cikin tarihi.

Mu fara da tuƙi. A can hannun hagu ake bi, sitiyari yana dama. Kwana biyun farko, duk sanda zan sha kwana sai in kunna waifa maimakon sigina, madam na gefe tana ta dariya. Gadon Turawan Ingila ne, waɗanda suka sa tsibirin ƙarƙashin ikonsu a 1890. Mu ma a Najeriya hagu muke bi har zuwa 2 ga Afrilu 1972, ku tambayi tsofaffin direbobi. Lasisinka na gida kaɗai bai isa ba, sai da takardar izinin tuƙi ta Zanzibar. Masu ba da hayar mota kan shirya maka ita, kuma za a nema a shingen hanya. Cikin tsohon gari kuwa, wato Stone Town, ajiye motar kawai. Lunguna ne irin na ƙwaryar birnin Kano, an yi su ne don mutum da jaki.

Rana ta uku muka tuƙa zuwa wata gonar kayan ƙamshi a wajen Kidichi. Duk baƙo sai an kai shi irin gonakin nan. Aka saƙa mana hula da ganyen kwakwa, wani yaro ya hau bishiya yana waƙa, ɗan jagora yana murza ganye yana cewa mu canka. Da aka zo kan kanumfari, su karafuu suke cewa, asalin kalmar ɗaya da tamu daga Larabci, sai madam ta tambaye shi wa ya fara shuka su. Ya ce Sarki ne. Ta juyo ta ce min a hankali, "Ango, kai ka taɓa ganin sarki da fartanya?"

To, wannan tambayar ce ta canza mana sauran tafiyar.

Kanumfari ba ɗan Afirka ba ne. Asalinsa tsibiran Maluku ne a Indunusiya, inda Turawan Holan suka daɗe suna hana fitar da irinsa. Wani Bafaranshe, Pierre Poivre, shi ya sa aka sato irin zuwa Morishus a 1770, daga wannan yankin ya iso Zanzibar a farkon ƙarni na 19. Sayyid Sa'id, sarkin Oman, ya ga kuɗin da ke ciki, ya buɗe gonaki, har a 1840 ya baro Maskat ya dawo Zanzibar da fadarsa. Amma fa kanumfari aiki ne na hannu. Tohon fure ne da ake tsinka kafin ya buɗe, mutum ya hau doguwar bishiya ya ciro, a ware, a shanya kwanaki a rana. Idan ya buɗe, an yi asara. Hannayen da suka yi wannan aikin na bayi ne, waɗanda aka kamo daga wajen tafkin Nyasa da tafkin Tanganyika da gabashin Kwango, aka kora su a ƙafa zuwa Kilwa da Bagamoyo, aka ɗura su a jiragen ruwa. Tippu Tip, shahararren fataken hauren giwa da bayi wanda ya rasu a 1905, shi ma gonakin kanumfari ya zuba dukiyarsa. Gidansa na nan a tsohon gari.

A 1873 Ingila ta matsa wa Sarki Barghash ya rufe kasuwar bayi ta Mkunazini, kuma a wurin aka gina cocin Angilikan da ke tsaye har yau. Rufe kasuwa bai 'yanta kowa ba. Sai a 1897 aka soke bautar a dokance. Washegari muka ɗauki hanyar arewa, wadda masu cin amarci ke bi zuwa bakin tekun Nungwi, muka ratse zuwa Mangapwani. Wani ɗaki ne da aka sassaƙa cikin dutse dab da teku, inda ake ɓoye mutane bayan an haramta cinikin, kafin a yi fasa-ƙwaurinsu. Mun sauka ciki. Minti biyar ban cika ba na fito, numfashi ya gagara. A mota babu wanda ya ce uffan sai da muka yi nisa.

Kada wani ya ce Larabawa nake zagi. Abin da ya fi damuna shi ne masu gonakin nan Musulmi ne irinmu, suna salla suna azumi. Kuma mu ma muna da rinji da gandun sarauta, irin na Fanisau kusa da Kano, inda bayi suka yi noma. Sau nawa aka faɗa mana haka a aji?

Da daddare muka je Forodhani, lambun bakin teku da ke zama kasuwar abinci bayan magariba. An yi shi ne a 1936 don bikin cikar Sarki Khalifa shekara 25 a kan mulki. Shawara ɗaya: tambayi farashi kafin a ɗora maka abu a wuta. Ni ban tambaya ba, wani mai gasa kifi ya yanke ni, na biya ina murmushin yaƙe. Mun ci mishkaki, tsirensu ke nan, sai dai babu ƙuli. Madam ta ƙi taɓa pweza, halittar teku mai hannu takwas, ta ce ba da ita ba. Abin da ya kama ni shi ne urojo, wani romo mai tsami ruwan ɗorawa. Ka leƙa kwanon: bajiya irin ta fataken Indiya, kamar ƙosai, ga soyayyen rogo da barkono da asalinsu nahiyar Amurka ne, ga kwakwar bakin teku. Duk wanda ya taɓa sauka a tashar nan ya bar wani abu a ciki. Muka kora da ruwan rake mai citta da lemon tsami.

Muna zaune muna kallon Baitul Aja'ib, ginin da Barghash ya yi a 1883, wanda wani sashensa ya rufta a Disambar 2020. A daidai nan, safiyar 27 ga Agusta 1896, jiragen yaƙin Ingila suka buɗe wa fada wuta saboda Khalid bin Barghash ya hau sarauta ba da yardarsu ba. Cikin kimanin minti arba'in an gama. Kusan mutum 500 suka mutu ko suka jikkata a ɓangaren Zanzibar, Bature ɗaya ya ji rauni. Bayan shekara bakwai Kano ta faɗi.

Bashin gonakin nan bai tashi fashewa ba sai 12 ga Janairu 1964, wata guda da samun 'yanci. Aka kifar da Sarki Jamshid, aka kashe dubban Larabawa da Indiyawa, ciki har da talakawa masu ƙananan shaguna da ba su taɓa mallakar bawa ba. Gwamnatin Abeid Karume ta ƙwace gonaki ta raba wa mutane eka uku-uku, sannan ta ce duk kanumfari hukumarta za a sayar wa, a farashin da ta yanka. Yau baƙi irinmu ne babbar hanyar kuɗi, kuma yaron da ya hau mana bishiya ɗan abin da muka miƙa masa yake jira.

Mun sayo kanumfari rabin kilo na tsaraba. Hajiyarmu ta shinshina ta ce na kasuwar Kurmi bai kai wannan ƙarfi ba, tun ranar take jefa shi a shayi. Labarin Mangapwani dai har yanzu ban ba ta ba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.