Sabon Birni

Sabon Birni, wanda ake kuma kira Sabon Birnin Gobir, gari ne da ke bakin Gulbin Rima a gabashin Jihar Sakkwato, a arewa maso yammacin Najeriya. Shi ne hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sabon Birni, wadda ta yi iyaka da ƙananan hukumomin Isa da Goronyo, da kuma Jamhuriyar Nijar ta arewa. Gobirawa ne suka kafa garin a wajajen shekarar 1860, bayan rushewar tsohon birninsu na Alƙalawa, kuma daga nan sunan ya samo asali. Gulbi da iyakar ƙasa su ne abubuwa biyu da suka fi tasiri a tarihin garin da rayuwar mutanensa.

Labarin ƙasa

Faɗin ƙaramar hukumar ya kai murabba'in kilomita 2,354. Gulbin Rima yana samun ruwansa daga kogunan Bunsuru da Gagare, waɗanda ke gangarowa daga ƙasar Katsina da Zamfara su haɗu a yankin Isa. Gulbin Maraɗi, wanda ya taso daga ƙasar Katsina ya ratsa ta Nijar, yana dawowa Najeriya ya zuba a cikin Rima a wannan yanki. Daga nan ruwan yakan nufi kudu maso yamma zuwa madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984, sannan ya haɗu da Gulbin Sakkwato.

Ƙasar ta kasu gida biyu: fadama mai laka a gefen gulbi, wadda ruwa ke malalewa da damina, da kuma jigawa mai rairayi a kan tudu. Damina gajeriya ce, daga watan Yuni zuwa Satumba. Hunturu yana zuwa da hazo tsakanin Disamba da Fabrairu, a bazara kuwa zafi yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Da rani gulbin yakan janye ya bar tafkuna da yashi, inda ake tona rijiyoyi marasa zurfi don ban ruwa.

Tarihi

Labarun gargajiya sun nuna cewa Gobirawa sun sauko ne daga ƙasar Azbin, suka zauna a Birnin Lalle, kafin su matso kudu zuwa kwarin Rima, wanda a lokacin yake hannun Zamfarawa. A tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi, ya mai da Alƙalawa babban birninsa. Daular ta kai ƙololuwar ƙarfinta a zamanin Bawa Jangwarzo, a ƙarshen wannan ƙarni.

Saɓani tsakanin sarakunan Gobir da jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kai ga yaƙi a 1804. Bayan gwabzawar Tafkin Kwatto da ta Tsuntsuwa a shekarar, Alƙalawa ta faɗa hannun rundunar Muhammadu Bello a 1808, aka kashe Sarki Yunfa. Gobirawa sun ci gaba da turjiya har zuwa yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali ya rasa ransa. Waɗanda suka ƙi miƙa wuya sun bi Mayaƙi zuwa Tsibiri, kusa da Maraɗi, suka kafa sabuwar fada. Domin tsare kwarin Rima daga hare-harensu, Sakkwato ta kafa ribaɗoɗi a wurare irin su Lajinge da Isa.

Sabon Birni ya samu ne daga rikicin cikin gida a Tsibiri. Wani ɗan sarki mai suna Ɗan Halima ya ɓata da Sarkin Gobir Bawa Ɗan Gwamki, ya fito da magoya bayansa, ya nemi sulhu da Sakkwato. Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku, wanda ya yi mulki daga 1859 zuwa 1866, ya ba shi izinin gina gari a bakin Rima, ba nisa da kufan Alƙalawa. Ta haka wani reshe na gidan sarautar Gobir ya koma ƙasar kakanninsa, amma a ƙarƙashin inuwar daular da ta rusa birninsu. Garin ya zama shinge tsakanin Sakkwato da Tsibiri, kuma biyayyarsa ta riƙa karkata nan da can gwargwadon wanda ya fi ƙarfi.

Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, yarjejeniyoyin da suka ƙulla da Faransa a 1904 da 1906 sun tsaga ƙasar Gobir biyu. Tsibiri ta faɗa ɓangaren Faransa, Sabon Birni da Isa suka zauna a ɓangaren Ingila, a matsayin gundumomi a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Garin ya shiga Jihar Arewa maso Yamma a 1967, sannan Jihar Sakkwato a 1976.

Jama'a da harshe

Ƙidayar 2006 ta nuna mutum 207,599 a ƙaramar hukumar, wato kimanin mutum 88 a kowane murabba'in kilomita. Mafi yawansu Gobirawa ne, sai Fulani, Buzaye da sauran Hausawa, kuma kusan dukkansu Musulmi ne. An san Gobirawa da tsagar fuska, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, kodayake al'adar tana raguwa a tsakanin matasa. Akwai wasan barkwanci tsakaninsu da Yarbawa. Sarautar Inna, wadda mace daga gidan sarauta ke riƙewa, tana cikin tsofaffin sarautun Gobir. Aure da zumunci sun haɗa gidaje da yawa da 'yan'uwansu na Tsibiri, Madawa da Gidan Runji a Nijar.

Karin harshen yankin shi ne Gobiranci, ɗaya daga cikin kare-karen Hausar yamma. Masu magana da shi suna cewa hwara da tahi a maimakon fara da tafi, da munka da sunka a maimakon muka da suka. Suna amfani da na da ta a gurbin ne da ce, kuma harafin mallaka na mace yakan rikiɗe ya zama irin baƙin da ke biye da shi, kamar rigas sarki a maimakon rigar sarki.

Mulki

Ƙaramar hukumar tana da mazaɓu 11: Gatawa, Kalgo, Kurawa, Lajinge, Makuwana, Sabon Birni ta Gabas, Sabon Birni ta Yamma, Takatsaba, Tara, Tsamaye da Unguwar Lalle. Tana da kujeru biyu a majalisar dokokin jiha, tana raba kujerar Majalisar Wakilai ɗaya da Isa, kuma tana cikin mazaɓar sanata ta Sakkwato ta Gabas. Hakimanta suna ƙarƙashin Majalisar Sarkin Musulmi.

Tattalin arziki

Noma ne babbar sana'a. A jigawa ana shuka gero, dawa da wake da damina. A fadama ana noman shinkafa, da rani kuma albasa, tumatir, tattasai da dankali. Akwai masunta a garuruwan bakin gulbi, da makiyaya masu saukowa fadama idan ciyawar tudu ta ƙare. Kusancin iyaka ya sa fataucin dabbobi da hatsi tsakanin yankin da kasuwannin Nijar ya daɗe yana gudana.

Wuraren tarihi

Kufan Alƙalawa yana cikin ƙaramar hukumar. Ana iya ganin burbushin ganuwa, da makabartar sarakuna, da Tafkin Kanu, wanda labarun baka ke dangantawa da yaƙe-yaƙen daular. Gobirawa daga Najeriya da Nijar sukan kai ziyara wurin don tunawa da kakanninsu.

Matsalar tsaro

Tun daga 2019 yankin yake fama da hare-haren 'yan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane, waɗanda ke fitowa daga dazuzzukan da suka haɗa gabashin Sakkwato da Zamfara. A watan Mayu na 2020 an kai hari ƙauyuka da dama, ciki har da Garki, Ɗan Aduwa da Kuzari, inda rahotanni suka ce an kashe fiye da mutum 70. A Satumban 2021 an katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Sabon Birni da Isa. A Disamban shekarar aka ƙona wata motar matafiya kusa da Gidan Bawa, 'yan sanda suka tabbatar da mutuwar mutum 23. A watan Yuli na 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, kuma ya rasu a hannun masu garkuwar a watan Agusta.

Rikicin ya hana manoma da yawa zuwa gonakin da ke nesa da gari, ya kuma tilasta wa wasu ƙauyuka biyan harajin da 'yan bindiga ke ɗora musu. Dubban mutane sun yi gudun hijira zuwa cikin garin Sabon Birni da birnin Sakkwato, wasu kuma sun tsallaka iyaka zuwa Jihar Maraɗi, inda Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke tallafa musu.