Pohang: masana'antar ƙarfen da Bankin Duniya ya ce ba za ta yiwu ba

A 1968 Pohang gari ne na masunta a gaɓar gabashin Koriya ta Kudu, ba komai sai yashi da iskar teku. A nan ne gwamnatin Park Chung-hee ta ce za ta kafa katafariyar masana'antar narka ƙarfe. Ƙasar ba ta da isasshiyar tama, ba ta da irin kwal ɗin da ake narka ta da shi, kuɗi kuwa ba a magana, domin shekara 15 ke nan kacal da tsagaita wutar yaƙin Koriya. Bankin Duniya ya duba lissafi ya ce aikin ba zai mai da kuɗinsa ba. Kamfanonin Amurka da Turai da suka yi alkawarin sa hannu suka zame jiki.

Park soja ne da ya ƙwaci mulki a 1961, kuma tun a shekarar ya mayar da bankunan kasuwanci hannun gwamnati, ya kafa hukumar tsara tattalin arziki, wadda ta fito da shirin shekara biyar na farko a 1962. Daga nan duk attajirin da ke neman bashi mai sauƙin ruwa ko kuɗin waje, sai ya bi ta ƙofar gwamnati. Sai dai ba a banza ake ba shi ba. Kowane wata akan yi taro kan kayan da ake fitarwa waje, shugaban ƙasa da kansa yana zaune, ana bin alƙaluma. Wanda ya cika adadin da aka yanka masa a ƙara masa bashi, wanda ya gaza a toshe masa famfo. Wannan sharaɗi shi ne abin da ƙasashe da yawa suka bari a baya lokacin da suka kwaikwayi tsarin.

To, ina aka samo kuɗin Pohang? Daga Japan. Yarjejeniyar 1965 tsakanin ƙasashen biyu ta tanadi kyautar dala miliyan 300 da bashin miliyan 200, kuɗin da Koriyawa ke ɗauka a matsayin diyyar mulkin mallakar 1910 zuwa 1945. Gwamnati ta karkatar da wani kaso zuwa POSCO, kamfanin da zai gina masana'antar, ƙarƙashin wani tsohon janar, Park Tae-joon, Japanawa kuma suka kawo injuna da ƙwararru.

Mutumin ba ya wasa. Yakan gaya wa ma'aikata cewa kuɗin jinin kakanninsu ne, idan aikin ya lalace gara su faɗa tekun Yeongil da ke gefen Pohang gaba ɗaya. A 1977 ya tarar an yi algus a wani ginin kankare da ya kusa kammala. Ya tara 'yan kwangila da injiniyoyi, ya sa aka tarwatsa shi da nakiya a gaban idonsu.

An fara gini a Afrilun 1970, narkakken ƙarfe na farko ya kwarara a Yunin 1973. Shi ya ciyar da tashar ƙera jiragen ruwa ta Hyundai a Ulsan da masana'antun mota. Kayan da ƙasar ke fitarwa sun tashi daga dala miliyan 100 a 1964 zuwa biliyan 10 a 1977.

Talaka ya ji a jikinsa. An danne ƙungiyoyin ƙwadago, a 1970 wani matashin tela, Jeon Tae-il, ya cinna wa kansa wuta a Seoul saboda halin da 'yan mata masu ɗinki ke ciki. Waɗanda Japan ta sa aikin tilas, da sunansu aka karɓo kuɗin, amma abin da ya kai hannunsu bai taka kara ya karya ba. Shi kansa Park Chung-hee, shugaban hukumar leƙen asirinsa ne ya harbe shi a Oktoban 1979.

A shekarar 2000 gwamnati ta kammala sayar da hannun jarinta a POSCO, lokacin yana sahun gaba cikin kamfanonin ƙarfe na duniya.