Sujada Kafin Gini: Darasi Daga Kiristocin Farko

Ranar Lahadi 18 ga Janairun 2015 na halarci wata sujada da har yau ba ta fita a raina ba. Ranar Juma'ar da ta gabace ta tarzoma ta ɓarke a Damagaram saboda zanen ɓatanci ga Annabin Musulunci da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga, washegari kuma ta iso Yamai. An ƙona majami'u da dama, mutum aƙalla 10 suka rasa rayukansu. Majami'armu na cikin waɗanda wuta ta ci. Sai muka taru a tsakar gidan wani dattijo, a kan tabarmi, wani maƙwabcinsa Musulmi kuma ya zauna a ƙofar gida don kada a taɓa mu. Muka karanta Zabura, muka yi waƙa ƙasa-ƙasa, muka yi addu'a, aka tara ɗan baiko aka ba wata gwauruwa.

Da za mu watse na ce wa wata tsohuwa, "Inna, Allah ya nuna mana ranar da za mu koma yin sujada." Ta dube ni ta ce, "Ɗana, wannan da muka gama fa, me sunansa?" Na rasa amsa. Tambayar nan ce ta tura ni binciken yadda Kiristocin farko suke yi tun ba su da gini.

Ɗaya daga cikin tsofaffin bayanai ya fito ne daga bakin wanda ba Kirista ba. Wajen shekara ta 112, Filini Ƙarami, gwamnan lardin Bitiniya da ke arewacin Turkiyya ta yau, ya rubuta wa Sarkin Rum Tarajan yana neman shawara kan hukunta Kiristoci. Ya ce bincikensa ya nuna sukan taru a wata keɓaɓɓiyar rana kafin gari ya waye, su rera waƙa ga Almasihu kamar yadda ake yi wa abin bauta, sannan su ɗauki alkawarin ba za su yi sata ba, ba fashi, ba zina, ba saɓa magana, ba cin amanar ajiya. Daga baya su sake haɗuwa su ci abinci tare. Mai karatu ya lura: a taro guda ake waƙar yabo da alkawarin riƙon amana.

Bayan kamar shekara 40, wani malami mai suna Jastin ya rubuta wa Sarki Antoninus Fiyus daga birnin Rum, yana kare Kiristoci daga zarge-zargen da ake yi musu. Ya bayyana taron Lahadi daki-daki. A karanta rubutun manzanni ko na annabawa gwargwadon lokaci, shugaban taro ya yi gargaɗi, jama'a su miƙe su yi addu'a, a kawo gurasa da ruwan inabi da ruwa, a yi godiya, kowa ya ce amin. Dikononi su kai wa waɗanda ba su samu zuwa ba rabonsu. Masu hali su ba da abin da suka ga dama, a taimaki marayu da gwauraye da marasa lafiya da fursunoni da baƙi. Duk Kiristan da ya karanta wannan zai gane tsarin da muke bi har gobe. An fille wa Jastin kai wajen 165 saboda bangaskiyarsa.

A ina suke taruwa? A gidajen juna. A Dura-Yurofos, wani gari a bakin kogin Furat a ƙasar Siriya, masu tonon kayan tarihi sun gano wani gida da aka mayar wurin sujada wajen shekara ta 240. An rushe bangon da ke tsakanin ɗakuna biyu don a sami zaure guda, wani ɗaki kuma aka keɓe shi don baftisma. Daga waje ba ka bambanta shi da gidajen maƙwabta.

Babbar jarrabawa ta zo a 303, lokacin da Sarki Diyokiletiyan ya ba da dokar rushe wuraren sujada, da ƙona littattafai, da hana taro. A nan nahiyarmu, a garin Abitina da ke Tunisiya ta yau, an kama mutum 49 a shekara ta 304 suna taron Lahadi a cikin gida, tare da limaminsu Saturninus. Aka kai su Kartaj gaban gwamna. Labarin shari'arsu ya nuna da aka tambayi ɗaya daga cikinsu, Emeritus, dalilin da ya sa ya buɗe wa jama'a gidansa alhali sarki ya hana, sai ya amsa cewa ƴan'uwansa ne, kuma rayuwa ba ta yiwuwa gare su in babu jibin Ubangiji. Sun yarda a azabtar da su a kan taron da ko rufin kansa ba shi da shi.

Daga nan al'amura suka juya. A 313 Kwanstantin da Lisiniyus suka amince a Milan a sakar wa Kiristoci mara, a 321 kuma Kwanstantin ya mai da Lahadi ranar hutu a birane. Aka shiga gina manyan majami'u da duwatsun marmara, ana ƙawata su da zinariya. Sauƙi ya samu, amma ya zo da tasa jarrabawar. Yohanna Kirisostom, wanda ya zama bishof na Kustantiniya, wato Santambul, a 398, ya sha yi wa masu kuɗi faɗa a wa'azinsa. Ya ce ba shi da amfani a cika teburin Ubangiji da kofunan zinariya alhali matalauci, wanda Almasihu ya ɗauka a matsayin kansa, yana mutuwa da yunwa a waje. Gaskiyar da yake faɗa wa manya ba tsoro na cikin abin da ya jawo aka kore shi daga birnin, ya rasu a gudun hijira a 407.

Abin da na tsinta daga wannan tarihi shi ne, ga Kirista sujada ita ce jama'a su taru su ji maganar Allah, su gode masa, su raba gurasa, sannan su fita da halin da ya dace da abin da bakinsu ya furta. Gini inuwa ce mai amfani, ba na raina shi, don na ga hawayen waɗanda suka tara kuɗin kwano shekara da shekaru wuta ta lashe shi cikin sa'a guda. Sai dai ikilisiya ta yi ƙarnuka tana sujada cikakkiya kafin ta mallaki manyan gine-gine.

Yau mun sake gina tamu, ta fi ta da kyau. Amma ina jin tsoron wani abu. A aikina na rediyo nakan karanta sanarwar taron neman gudummawar gini ko sayen amsa-kuwwa, da wuya a kawo mini ta tallafin marayu. Mun fara auna albarkar Lahadi da ƙarar kiɗa da yawan kujeru. Da wani gwamna irin Filini zai bincike mu yau, zai samu mutanen da ba sa cin amanar ajiya? Maƙwabcin nan da ya tsare mana ƙofa bai taɓa shiga majami'a ba, abin da ya sani game da ibadarmu shi ne zaman da ya yi da mai gidan na tsawon shekaru.

Innar nan ta riga mu gidan gaskiya ban kai mata amsarta ba. Da zan ganta yau, da na ce, "Inna, sunansa sujada." Allah ya ba ƙasashenmu zaman lafiya, ya sa ibadar kowannenmu ta bayyana a halinsa. Amin.