Koktel: Haɗin barasar da siyasar Amurka ta raina

Koktel suna ne na abin sha da ake haɗa shi da barasa mai ƙarfi da wasu kayan ɗanɗano, kamar sukari da ruwan lemun tsami da tsimin saiwoyi masu ɗaci. Tun farkonsa, tarihinsa a sarƙe yake da siyasar Amurka.

Asali

A watan Mayun 1806 wata jaridar garin Hudson, a jihar New York, ta buga ma'anar kalmar: barasa da sukari da ruwa da tsimi mai ɗaci. Editan, Harry Croswell, mai adawa da jam'iyyar Shugaba Thomas Jefferson, ya yi shaguɓe cewa abin shan yaƙin neman zaɓe ne, domin wanda ya iya haɗiye shi babu zancen da ba zai haɗiye ba. A 1862 Jerry Thomas, wani ma'aikacin mashaya, ya wallafa littafi na farko a ƙasar da ya tattara hanyoyin haɗin.

Zamanin haramci

A watan Janairun 1920 gyaran fuska na 18 ga kundin tsarin mulkin Amurka ya fara aiki, wanda ya haramta sarrafa barasa da safararta da sayar da ita. Ƙungiyoyin mata da na coci-coci ne suka daɗe suna fafutukar hakan, saboda ɓarnar da shaye-shaye ke yi wa iyalai.

Sai dai cinikin ya koma ɓoye. Mashaya ta sirri ta yawaita, 'yan fasa-ƙwauri irin su Al Capone na Chicago suka kuɗance, cin hanci ya yi katutu a tsakanin jami'an tsaro. Da yake barasar bayan fage ba ta da inganci, wata ma har kisa take yi, sai aka riƙa zuba mata zuma da ruwan 'ya'yan itace don ɓoye ɗanɗanonta. Ƙwararrun masu haɗi kuwa suka yi ƙaura zuwa Landan da Paris da Havana, sana'ar ta ƙara bazuwa a duniya.

Soke dokar

Karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929 ta sa gwamnati ta matsu da neman haraji da ayyukan yi. A ranar 5 ga Disamba, 1933, gyaran fuska na 21 ya soke na 18, kuma har yau shi kaɗai ne gyaran da aka taɓa sokewa a kundin. Hukunci ya koma hannun jihohi. Mississippi ce ta ƙarshe da ta janye nata haramcin, a 1966.