Sake Gina Farashin Kayan Sito Daga Guntayen Bayanai: Nazari Kan Ƙananan Matatsan Man Gyaɗa a Kano

Tsakure: Maƙalar ta duba yadda akanta zai gano abin da aka kashe wajen samar da kayan da ke sito idan littattafan masana'anta sun ɓace, sun ƙone, ko ba a cike su ba tun farko. Hujjarta ita ce a fara tabbatar da yawan kaya kafin a sa musu farashi.

Hanyar da aka fi sabawa da ita ita ce ta ɗanyar riba: a ɗauki jimillar ciniki, a cire kason ribar da aka saba samu a shekarun baya, abin da ya rage a kira shi farashin kayan da aka sayar, daga nan a lissafo na sito. Wannan hanya ta dogara ne kan zaton cewa kason riba bai motsa ba, zaton da ya rushe a Najeriya tun 2023, lokacin da aka cire tallafin man fetur aka kuma saki darajar naira, har hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Mai matatsa a Sharaɗa ko Bompai da ya sayi gyaɗa a kasuwar Dawanau da kaka ya sayar da mai da bazara, ribarsa ta bara ba ta shaidar komai game da ta bana.

Yawan kaya kuwa yana barin sawu a hannun wasu. Takardar sikeli tana wurin mai sikeli, dillali yana da nasa littafin, banki na riƙe da bayanan turawar kuɗi, takardar kuɗin wuta da rasit ɗin dizal suna nuna tsawon lokacin da injin ya yi aiki. Daga nauyin gyaɗar da ta shiga, da adadin man da injin ke fitarwa daga kowane buhu, ana iya gano jarkokin da aka cika. A cire waɗanda aka sayar, ragowar su ne na sito. Sai a sa farashi bisa ƙa'idar lissafin kayan sito ta ƙasa da ƙasa, wato IAS 2, wadda ta yarda da matsakaicin farashi ko tsarin na farkon shiga shi ne na farkon fita, ta kuma haramta akasinsa. A nan ne masu lissafi kan yi tuntuɓe: kuɗin haya da albashin dindindin ana raba su ne kan abin da masana'anta ta saba samarwa. Idan rashin wuta ya tsayar da injin na makonni, kuɗin zaman banza asara ce ta wannan shekara, bai halatta a labta shi kan jarkokin da ke ajiye ba. Haka tunkuza, tunda masu kiwo na sayenta, akan rage ƙimarta daga farashin mai.

Za a iya cewa adadin man da buhu ke bayarwa yana canzawa da irin gyaɗa, da laimarta, da tsufan injin. Gaskiya ne, amma wannan saɓani yana da iyakar da halitta ta gindaya, domin man da ke cikin ɓararriyar gyaɗa bai cika wuce rabin nauyinta ba, kuma ana iya gwada injin a gaban mai bincike. Kason riba ba shi da irin wannan shinge. Ƙorafi mafi nauyi shi ne cinikin tsabar kuɗi da ba ya bi ta banki, wanda mai masana'anta zai iya ɓoyewa don gudun haraji ko ya kumbura don neman diyyar inshora bayan gobara. Hanyar fara tabbatar da yawan kaya ba ta kawar da shi gaba ɗaya, sai dai tana ƙuntata shi: wanda ya ce ya matse buhu kaɗan alhali wutar da ya sha ta aikin wata cur ce, takardunsa za su ƙaryata juna. Saboda haka ya kamata rahoton akanta ya ba da ƙima mafi ƙanƙanta da mafi girma, ya kuma bayyana wace takarda ce ta tsayar da kowanne gefe.